Babi na Biyar: Taura Biyu a Bakin Yaro

Wanda ya taɓa bi ta Galmi lokacin da albasa ta shigo ya san yadda bakin titin yake: buhuna jibge sun yi ganuwa hagu da dama, manyan motoci na lodi za su Kwatano da Akara da Abijan, yajin albasa na shiga ido tun mutum bai sauko daga mota ba. A nan na tsaya wata rana da hantsi, ana yi wa motarmu facin taya, sai ga wata yarinya da ba za ta wuce shekara tara ba, da tiren gyaɗa a ka. Na ɗauki ƙulli uku na dala goma-goma da biyu na dala biyar-biyar, na miƙa mata jika guda. Ko ƙifta ido ba ta yi ba.

"Baba, canjinka dala ɗari da sittin. Bari in samo."

Kafin ta juya, wani direba Basakkwace ya ɗauki ƙulli biyu, ya ce shi naira gare shi. Nan take ta faɗa masa abin da zai ba ta a farashin ranar. Ya nemi ragi, ta ƙi, ya biya yana dariya. Da ta dawo da canjina na tambaye ta ko tana zuwa lakwal, wato makarantar boko. Ta ce tana zuwa, tana aji uku, bana ma maimaitawa take yi.

"Don mi, ɗiyata?"

"Mushe ya ce ban iya lissahi ba."

Mushe shi ne malami a bakin ƴan lakwal. Sai na gwada ta. Na tambaye ta da Faransanci, a hankali, kalma bayan kalma, idan aka cire ɗari biyu daga cikin dubu nawa ya rage. Lissafin da ta gama yi ke nan a gabana, ba ƙari ba ragi. Yarinyar nan ta sunkuyar da kai, ta shiga tonon ƙasa da babban yatsan ƙafarta, ba ta ce uffan ba. Na yi nadamar tambayar, domin na san wannan shirun. Ni ma na yi shi shekara da shekaru a kan benci.

Mai karatu na wancan gefen iyaka, wato Nijeriya, zai so a yi masa bayanin dala. A Nijar ba a kiran kuɗi da lambar da ke jikinsu. Tsabar da aka buga wa 100 sunanta dala ashirin, 500 dala ɗari ce, takardar 1000 kuwa jika, wato dala ɗari biyu. Ke nan duk yaron da ke talla, da zarar ya kalli kuɗi, ya raba lambar gida biyar a kansa. Idan kuma a garuruwan bakin iyaka yake, irin su Birnin Ƙonni, sai ya ɗora da juya sefa zuwa naira. Amma ranar da ya shiga aji, sai a ce masa tamanin sunanta quatre-vingts, wato "huɗu-ashirin", casa'in da bakwai kuma "huɗu-ashirin-goma-bakwai". Duk malamin da ya riƙe ƙananan azuzuwa ya sha ganin allon yaro ɗauke da 420 a inda ake son 80. Abin da kunnensa ya ji ya rubuta, a kan haka kuma za a zaba masa jan biro, a kai wa ubansa labari cewa lissafi ya fi ƙarfinsa.

A babin da ya gabata mun yi maganar azuzuwan zana da ƙarancin bencina. Waɗannan ana ganinsu da ido, baƙo ya zo ya ɗauki hotonsu ya tafi da shi. Matsalar harshe ba ta ɗaukuwa a hoto, har ma takan ɓuya a bayan hayaniya. Ka wuce ta bayan tagar aji ɗaya a Tsarnawa ko Dogarawa, za ka ji muryoyi sittin ko fiye suna amsa wa malami da ƙarfi, baki ɗaya, ba gargada, ka ce lalle karatu na tafiya. Yaranmu gwanayen hadda ne, makarantar allo ta hore su tun da asuba. Sai ka shiga, ka kama yaro ɗaya, ka ɗora yatsa a kan kalma guda a tsakiyar layi, ka ce ya karanta. A nan ake gane cewa waƙar ya riƙe, rubutun bai shiga ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya zauna ya duba yadda karatu ke kama yaro. Koyon karatu shi ne gano cewa waɗannan ƴan zane-zanen na ɗauke da maganar da ka riga ka sani. Yaro ya haɗa "ra" da "ƙu" da "mi" da ƙyar, yana gumi, sai ga raƙumi tsaye a cikin kansa da tozonsa da akalarsa. Wannan shi ne ladan wahalarsa, shi ne kuma ke sa ya miƙa hannu ga kalma ta gaba. Rubutun Hausa na boko yana da wannan sauƙin, kusan yadda ka furta haka za ka rubuta. Yanzu ɗauki yaron nan ka ba shi kalmar Faransanci ta ruwa, eau: haruffa uku, ana karanta su "o", alhali babu "o" a cikinsu. Ya daure ya haddace wannan, ya furta daidai, amma babu abin da ya tashi a kansa, ko ɗigon ruwa. An ɗora masa aiki biyu a lokaci guda, ya gano sirrin rubutu kuma ya koyi baƙon harshe ta hanyar rubutun da bai gano ba tukuna. Taura biyu ba ta taunuwa, ko a bakin babba.

Malaman allo, da ake yi wa kallon mutanen da, sun daɗe da fahimtar wani abu a nan. Harshen Alƙur'ani Larabci ne, ba a taɓa shi, amma da suka zo koya wa ɗan ƙolo baƙaƙe sai suka raɗa musu sunayen Hausa: wannan ha ƙarami, wancan lam jaye. Idan azumi ya zo aka zauna tafsiri, da Hausa ake warware ma'ana, har tsohuwa ta zubar da hawaye don ta ji abin da aka ce. Gada suka gina daga abin da yaro ya sani zuwa abin da bai sani ba.

Lakwal ba ta zo da gada ba. Ƙonni ta gamu da Faransawa a 1899, lokacin da rundunar Voulet da Chanoine ta afka wa birnin ta yi kisan da har yau ba a manta ba, kuma makarantar da ta biyo baya an kafa ta ne don samar da tafintoci da magatakarda. A taron Brazzaville na 1944 an ƙara jaddada cewa da Faransanci kaɗai za a koyar, harsunan gida haramun ne a aji. Ƴancin kai na 1960 bai taɓa wannan dokar a zukatan malamai ba. A zamaninmu akwai abin da ake kira sambol. A ajinmu wani tsohon ƙashi ne da aka ɗaura wa igiya. Duk wanda bakinsa ya kuɓuce ya yi Hausa, sai a rataya masa a wuya, shi kuma ya shiga farautar wanda zai miƙa wa, domin wanda yamma ta riska da shi, shi ke shan bulala. Na tuna ranar da babban abokina ya laɓaɓo ta bayana a lokacin shan iska, ya tsunkule ni da gangan. Na ce "wayyo, bari mana!" Kafin in rufe baki ƙashin na wuyana. Ban riƙe shi a zuciya ba, tsoro ne ya sa shi. Abin da na koya a shekarar nan shi ne cewa wanda ya yi shiru ba ya shan duka, kuma na iya wannan darasin fiye da duk sauran.

Illela biyu ce. Akwai tamu ta Adar, mazaunin Sarkin Adar, a cikin jihar Tawa, akwai kuma ta jihar Sakkwato, wadda ɗan kabu-kabu zai kai ka daga Ƙonni kafin shayinka ya huce. Dangi ɗaya ne a gefen biyu, ana auratayya, ana cin kasuwa ɗaya. Shi ya sa wannan yankin ya zama wurin da mutum zai iya gwada magana da idonsa: yaro ɗaya, uwa ɗaya, Hausa ɗaya, a nan a sa shi gaban Faransanci, a can a sa shi gaban Ingilishi. Mutanenmu ma dukansu biyun Turanci suke ce musu.

A can tarihin ya ɗan bambanta. Hans Vischer, wanda aka yi wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, da Hausa kuma ake karatu. A Zariya an kafa hukumar fassara da talifi, gasar 1933 ta haifar da littattafan da har yau ake karantawa, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939. Wannan ne ya sa za ka tarar da tela a Sakkwato yana karanta littafin Hausa a bakin kekensa, abin da ya yi mana ƙaranci a nan. Manufar ilimi ta Nijeriya ta 1977 ta ce a koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa a shekarun farko na firamare, Ingilishi ya zama darasi, daga baya a juya. A takarda ke nan. A cikin aji kuwa littafin lissafi da na kimiyya da Ingilishi suke, jarrabawa da Ingilishi, malami ya rubuta Turanci a allo, ya juyo ya yi bayani da Hausa, yara su kwafe Turancin cikin littafi ba tare da sun san me ya ƙunsa ba. Da aka auna karatun ƴan ƙananan azuzuwa a jihohin Sakkwato da Bauchi a farkon shekarun 2010, an tarar mafi yawansu ba sa iya karanta ko kalma ɗaya, da Hausar ma, domin babu wanda ya zauna ya koya musu karatun Hausar. Wannan binciken ne ya share fage ga shirin Mu Karanta a jihohin biyu.

A ƙarshen 2022 gwamnatin Nijeriya, a zamanin minista Adamu Adamu, ta amince a koyar da harshen uwa tsawon shekaru shida na firamare. A Nuwamba 2025 minista Tunji Alausa ya ba da sanarwar soke wannan, ya mayar da Ingilishi harshen koyarwa tun daga tushe, yana kafa hujja da yawan faɗuwa a manyan jarrabawa. Ni dai wannan hujjar ba ta shige ni ba. Yaran da suka zauna jarrabawar gama sakandare a waɗannan shekarun sun bar firamare tun kafin a rubuta manufar 2022. Kuma a shekara uku, ina littattafan da aka buga, ina malaman da aka horar? Magani yana cikin kwalba ba a buɗe ba, an ce shi ya kashe majiyyaci. Abin ya fi ciwo idan aka tuna cewa a Nijeriyar ne aka yi ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da duniya ta fi ambato a wannan fanni. Daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a Ile-Ife sun koyar da rukunin yara komai da Yarabanci tsawon shekaru shida, Ingilishi yana matsayin darasi a hannun ƙwararren malami. Yaran nan ba su gaza takwarorinsu ba, a darussa da dama sun wuce su, kuma Ingilishinsu bai raunana ba.

Mu ma a Nijar muna da namu gwajin, ya ma tsufa har ya yi furfura yana amsa sunan gwaji. Abdou Moumouni, ɗan Tasawa, masanin makamashin rana wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, tun a littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka ya kafe cewa sai an dawo da harsunan gida cikin aji. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai harshe biyu a Damagaram, daga baya aka faɗaɗa zuwa harsuna biyar: Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Tamajak da Barbarci. Wani mai bincike, Mart Hovens, ya kwatanta ɗaliban waɗannan makarantu da na lakwal ta gargajiya, ya wallafa sakamakon a 2002: waɗanda suka fara da harshensu sun fi iya karatu da rubutu, har a Faransancin kansa, kuma waɗanda suka fi cin riba su ne ƴan karkara da ƴan mata. Dokar ilimi ta 1 ga Yuni 1998 ta ce a matakin firamare harshen uwa ne harshen koyarwa, Faransanci darasi. Dokar 2001 ta lissafa harsunan ƙasa guda goma. A tsakiyar shekarun 2010 an fara sabon tsarin karatu mai harshe biyu a makarantu 500, daga baya aka ce a kai shi dubbai. Doka dai ba mu rasa ta ba. Amma yarinyar Galmi ba ta taɓa ganin littafin Hausa a ajinsu ba, na tambaye ta.

Sakamakon yana nan a rubuce. A binciken PASEC na 2014, wanda ya auna ƙasashe goma masu amfani da Faransanci, Nijar ce ta zo ƙarshe: cikin yara ɗari da suka kai ƙarshen firamare, waɗanda suka iya karatu gwargwadon yadda ake bukata ba su kai goma ba. A na 2019 an samu ci gaba, sun kai kusan talatin, wato ko a lokacin bakwai cikin goma na fita bayan shekara shida hannu rabbana. A binciken na 2014 ƙasar da ta ba kowa mamaki ita ce Burundi, wadda ba ta fi mu arziki ba, amma ƙananan yaranta da Kirundi suke fara karatu, kuma su ne suka yi zarra a ƙananan azuzuwa. Ba na cewa harshe ne kaɗai ciwonmu. Akwai yunwa, akwai yajin aiki, akwai shekarar karatun da ba ta kankama sai an girbe gero an samu karan yin aji. Akwai kuma abin da ba a son faɗa a bainar jama'a: lokacin da gwamnati ta yi wa malaman kwantaragi jarrabawa a 2017, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka samu rabin maki. Ban kawo wannan don in ci musu fuska ba. Ƴaƴan wannan tsarin ne, su ma da hadda suka fito, aka ba su alli da albashin da ba ya zuwa a kan kari, aka tura su ƙauye. Sai dai a duba abin da ake nema a wurinsu: matashi Bahaushe ya tsaya gaban yara Hausawa, ya bar harshen da shi da su suka ƙware a kai, ya yi ta fama da wanda shi bai gama mallaka ba, su kuma ba su fara ba.

To, me ya hana? Kuɗi na ciki, da sakacin manya. Amma akwai wata turjiya da ta cancanci a saurare ta da ladabi, ta iyaye. Wani dattijo a wani ƙauye kusa da Badagishiri ya taɓa tare ni da ita, muna zaune a kan tabarma bayan la'asar, lokacin da aka ce za a mayar da makarantar garinsu mai harshe biyu.

"Malam, Hausa a nono ya sha ta. Na kai shi lakwal don ya iyo abin da ban iya ba. In Hausa za a koya mishi, ka bar mini shi ya taya ni ban ruwan albasa."

Na ce, "Baba, ba hana shi Faransanci za a yi ba, tsani za a sa mishi."

Ya dube ni ya ce, "Ɗiyan manya na Yamai, da wane tsani suka hau?"

Ban sami amsa nan take ba, kuma har yau ina ganin tambayarsa ta fi yawancin rahotannin da na karanta nauyi. Tsohon nan ya san abin da yake gani. Takardar neman aiki a kamfanin siminti na Malbaza da Faransanci ake rubuta ta. Takardar likita, takardar duwan, wato kwastan, a bakin iyaka, takardar filin noman rani a fadamar Ƙonni, duk haka. Ya kuma lura cewa masu yi masa wa'azin harshen uwa ƴaƴansu na makarantun kuɗi inda ba a jin Hausa ko a filin wasa. Amsar da ta zo mini daga baya ita ce, ɗan babban ma'aikaci a Yamai shi ma da harshen gidansu yake karatu, domin Faransanci ne ake yi a falonsu, a talabijin ɗinsu, a bakin uwarsa. Bai taɓa tauna taura biyu ba. Ɗan manomin Adar kuwa ba ya jin Faransanci ko'ina sai cikin ɗakin nan guda, daga baki guda. Masana irin su Hassana Alidou, ƴar ƙasar nan, da Kathleen Heugh ta Afirka ta Kudu, a babban nazarin da suka yi wa ilimin Afirka a tsakiyar shekarun 2000, sun nuna cewa yaro na bukatar shekara shida zuwa takwas yana koyon baƙon harshe a matsayin darasi, a hannun malami mai kyau, kafin ya iya ɗaukar sauran ilimi da shi. Shi ya sa ma shirye-shiryen da ke yin Hausa shekara biyu su yi wuf su juya sukan ba da kunya: a ajin farko yara su yi ta tashi, a aji huɗu, inda ake daina koyon karatu a fara karatu don koyo, sai su ci karo da bango. Daga nan a ce an gwada harshen uwa bai yi ba. Abin da tsohon ke so, wato ɗa mai Faransanci, ta hanyar Hausa ya fi kusa. Amma ba za a gamsar da shi da baki ba, sai ya ga ɗan maƙwabcinsa ya bi ta nan ya fita. Gani ya kori ji.

Akwai wani gefen da mu Hausawa muke saurin tsallakewa. A watan Maris na 2025 sabon kundin tafiyar da ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka koma harsunan aiki. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma gundumomin Ƙonni da Malbaza da Illela ba Hausawa kaɗai ke cikinsu ba. Je ka kasuwar dabbobi ta Badagishiri ka kasa kunne: Fulatanci na tashi a nan, Tamajak a can, Hausa ce ke haɗa ciniki. A wajen Tajaye akwai yaran da ke tashi da Tamajak a ɗakin uwa, su tsinci Hausa a bakin rijiya, su yi Larabci a allo, sannan a kawo su gaban Faransanci, harshe na huɗu, suna da shekara bakwai. Na ga wani irinsu a wani aji, ɗan siriri mai idanu kamar na barewa. Malamar Bazabarma ce da aka turo daga yamma, Hausarta ba ta nuna ba. Idan ta yi magana, wata yarinya ta juya da Hausa, shi kuma yaron nan ya juya wa ƙannensa biyu da Tamajak cikin raɗa. Shi ne ke riƙe da rabin bencin nan, amma a takardar sakamako yana can ƙasa, an rubuta masa "mai rauni".

Ga yaro irin wannan Hausa ta fi Faransanci kusa nesa ba kusa ba, domin yana jin ta kullum, yana wasa da ita. Amma ƙanwarsa da ba ta zuwa kasuwa, ko ƴar Fulanin da ba ta taɓa barin ruga ba, ita Hausar ma baƙuwa ce a wurinta. Idan muka cire ƙashin sambol daga wuyan ɗan Bahaushe muka rataya wa ɗan Buzu da ɗan Fulani, an gudu ba a tsira ba. Inda makaranta ta zama ta rugage ko ta zangon Buzaye, da harshensu ya kamata a buɗe wa yaro karatu, kuma tun makarantun gwaji akwai littattafan farko a waɗannan harsunan. Inda aka cakuɗu, sai a tura malamin da ke jin harsunan garin, a daina aika mutum inda zai zama kurma a gaban yara. Ko a cikin Hausar ma akwai abin lura. Yaron Adar "tahi" yake cewa, da "hwaɗi", da "ɗiya", littafi kuma ya zo masa da "tafi" da "faɗi" da "ƴaƴa". Wannan ƙaramin tsalle ne, yaro na yin sa cikin mako biyu, muddin malami bai ce masa Hausar uwarsa karyayya ba ce.

Ba kuma na goyon bayan masu cewa tunda mun raba gari da Faransa, sai mu ɗauke Faransanci mu dasa Ingilishi a gurbinsa tun daga aji ɗaya. Ingilishi na da amfani ga ɗan Ƙonni, wanda rabin cinikinsa da Nijeriya ne, a koya masa shi da kyau idan lokacinsa ya yi. Amma wanda ke zaton sauya Turanci da Turanci zai buɗe bakin yarinyar Galmi, ya hau babur ya je Illela ta Sakkwato ya leƙa aji uku.

Ajin da ya fi tsaya mini a rai na gan shi ne a wani ƙauye tsakanin Malbaza da Galmi, aji biyu, mai harshe biyu, littafi ɗaya ga yara huɗu. Malamin saurayi ne, darasin ranar kan iska da danshi. Maimakon ya fara da rubutu a allo, sai ya tambaye su da Hausa me ya sa ake ɗaga rudun albasa daga ƙasa, ba a zuba ta a daɓe ba. Ajin ya ɓarke. Wannan ya ce don iska ta shiga ta ƙarƙashi, waccan ta ce in ta ji sanyin ƙasa tsira take yi, wani ya miƙe ya ce ƙarya ne, ruɓewa take fara yi, babansa ya yi asarar buhu goma bara saboda an tara ta da ɗanyen wuya. Wata ƴar mitsitsiya a bencin baya ta ce albasar da aka cika wa takin zamani ba ta jimre ajiya, kakarta ta faɗa. Malamin ya yi ta ɗaga hannu yana neman a yi shiru, ba a yi ba. Da ƙura ta lafa, ya ba su sunan iska da Faransanci, suka maimaita, ya rubuta shi gefe guda. Can sai wani yaro mai facin riga a kafaɗa ya ɗaga yatsa.

"Mushe, rudu fa, ƙaƙa aka rubuta shi?"

Malamin bai rubuta ba. Ya miƙa masa allin, ya ce, "Taho ka hwaɗa a hankali, ka ji da mi ya soma."

Yaron ya fito, ya tsaya gaban allo yana motsa leɓe. Ya yi "r", ya tsaya, ya waiwayo. Yara uku suka ce "u!" a tare, malamin ya ce su bar shi. Ya ɗan daɗe a kan "d", don ya fara juya mata ciki ta zama "b", ya goge da tafin hannu ya sake.